Tutar da aka ɗinka a bakin layinmu

Telan da ke bakin layinmu ya fi shekara goma yana ɗinka min kayan Sallah, kuma a iya sanina da shi ba ruwansa da siyasar duniya. Hirarsa ba ta wuce farashin shadda, da rashin wuta, da ƙwallo. A satin farko na Agustan 2024, ana tsaka da zanga-zangar tsadar rayuwa, aka ɗan sassauta dokar hana fita a Kano, sai na leƙa shagonsa don in karɓi wandon yarona. Na tarar da samari huɗu sun cika ɗan shagon, ɗaya na riƙe da waya yana nuna masa hoto. A kan keken akwai ƙyallaye uku, fari da shuɗi da ja, irin yadin nan mai arha da ake yi wa riga shafi. Tutar Rasha suke so ya ɗinka musu, suna gardama a kan wace kala ce a sama. Ɗaya ya dage ja ne. Mai wayar ya ƙara faɗaɗa hoton da yatsa ya ce, "Ga shi nan, fari ne a sama. In ka juya ai ta wata ƙasar ka ɗinka." Gaskiyarsa kuwa, da an juya ta, launukan tutar Sabiya ne za su fito.

Cikinsu akwai tsohon ɗalibina, wanda na koya wa darasin Gwamnati a aji biyar da aji shida. Ya risina ya gaishe ni. Na ce masa, "Kai kuma me ya haɗa ka da Rasha?"

Ya ce, "Malam, Putin ba ya tsoron Amurka. Dubi Nijar, sun kori Faransa."

Na ce, "To shi Putin ɗin ya aiko maka da shinkafa ne?"

Ya ɗan yi murmushi, cikin ladabi ya ce, "Su waɗancan ɗin sun aiko ne, Malam?"

Na karɓi wandona na fito. Shekara ashirin da 'yan kai ina tsayawa gaban allo, ranar ce yaro ya ƙure ni da tambaya ɗaya.

Abin da ya biyo baya kowa ya sani. Tutocin suka bayyana a Kano da Kaduna da Katsina. Babban hafsan tsaro na lokacin, Janar Christopher Musa, ya ce ɗaga tutar wata ƙasa cin amanar ƙasa ne. Jami'an tsaro suka kama teloli. Ofishin jakadancin Rasha ya ce ba hannunsa a ciki. Har wasu 'yan ƙasar Poland su bakwai aka tsare a Kano, daga baya aka sake su. A farkon Nuwamba muka ga ƙananan yara a gaban kotun tarayya a Abuja, a rame, wasu na faɗuwa, kafin shugaban ƙasa ya ba da umarnin a sake su. Telanmu dai tun da ya ji an fara kame ya garƙame shago ya tafi ƙauyensu, sai da ya yi kwana goma. Ragowar shuɗin yadin ma da shi ya yi min aljihun rigar Sallar da ta biyo baya. Da na yi magana ya ce, "Malam, ai ba a zubar da yadi."

Tun ranar nake juya tambayar yaron nan a raina, domin abin da nake koyarwa ne ya taɓa. A zangon ƙarshe na aji shida muna yin Majalisar Ɗinkin Duniya. Ina gaya musu cewa bayan Yaƙin Duniya na Biyu waɗanda suka yi nasara sun zauna sun shimfiɗa wa duniya ƙa'idoji. A 1944 aka yi taron da ya haifi Bankin Duniya da Asusun Ba da Lamuni. A 1945 ƙasashe hamsin suka sa hannu a kan kundin Majalisar a San Francisco. A 1948 aka fitar da sanarwar haƙƙin ɗan Adam. Masana na kiran wannan gini tsarin duniya mai sassaucin ra'ayi, amma ni a aji ce musu nake alkawari uku ne: ba a canja iyaka da bindiga, rigima a kai ta gaban alƙali, kuma mai mulki ba shi da ikon yin yadda ya ga dama da talakansa don kawai talakansa ne. Na biyun nan ina da misali a hannu. A Oktoban 2002 Kotun Duniya ta ba Kamaru yankin Bakassi. Najeriya ta fi Kamaru soja, ta fi ta jama'a da kuɗi, kuma a lokacin sojojinmu ne a wurin. Duk da haka Obasanjo ya sa hannu a yarjejeniyar Greentree a 2006, aka kammala miƙawa a Agustan 2008. Mun haɗiye da ɗaci, amma mun bi doka.

Duk shekara sai an samu mai ɗaga hannu ya ce, "To Malam, da Amurka ce za ta bayar?" Da can wucewa nake in ce lokaci ya ƙure.

Amsar gaskiya ita ce manya ba sa bayarwa. Sin ma a 2016 wata kotun sasanci a birnin Hague ta yanke hukunci a kan taƙaddamarta da Filifin game da teku, ta ce hukuncin bai shafe ta ba, ta ci gaba da gina tsibiranta. Rasha kuma ta sa hannu a takardar Budapest a 1994 cewa za ta mutunta iyakokin Yukren idan Yukren ta miƙa makaman nukiliyar da ta gada daga Tarayyar Sobiyet. Yukren ta miƙa. A 2014 Rasha ta haɗiye yankin Kirimiya na Yukren, ranar 24 ga Fabrairun 2022 kuma ta shiga da tankoki tana neman babban birnin. Wannan shi ne ƙalubalen da kowa ke gani, ɓalle ƙofa da rana tsaka. Kuma duniya ta yi tir. A farkon Maris na shekarar ƙasashe 141 a babban zauren Majalisar suka la'anci mamayar, Najeriya da Nijar duk suna ciki, biyar kacal suka ƙi. Sai dai 35 sun ƙaurace, kusan rabinsu daga Afirka.

Ni dai a ganina ɓalle ƙofar ba shi ne babban aikin ba. Babban aikin daga cikin ɗaki ake yin sa, a kan kujera, da kwat da takarda. Rasha da Sin ba su fita daga Majalisar ba, kuma ba za su fita ba, domin suna cikin biyar ɗin da ke da kujerar naƙi. Dubi Mali. A ƙarshen Maris na 2022 sojojin Mali da wasu sojojin ƙasashen waje suka sauka a garin Moura ranar kasuwa, suka yi kwana biyar. Gwamnatin Mali ta ce 'yan ta'adda 203 ta kashe. Ofishin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar ya yi bincike, a Mayun 2023 ya ce mutanen da aka kashe sun kai aƙalla 500, akasarinsu fararen hula. Shaidu sun yi maganar farar fata masu wani yare da ba Faransanci ba, kuma a lokacin sojojin hayar Wagner na Rasha ne a ƙasar. Wata guda bayan rahoton, Bamako ta ce dakarun Majalisar su tattara su fita, suka fice kafin ƙarshen shekara. A ƙarshen Agusta kuma aka kawo ƙudurin sabunta wa'adin ƙwararrun da ke sa ido a kan Mali a Kwamitin Sulhu. Goma sha uku suka amince, Sin ta ƙaurace, Rasha ta hau kujerar naƙi. Shi ke nan, kwamitin ƙwararrun ya mutu. Ba wanda ya ce an soke dokar hana kashe farar hula. Tana nan a rubuce. Mai ƙirga gawarwakin kawai aka sallama.

Wanda ya fi tsaya min a rai ya faru ne a Janeba. A ƙarshen Agustan 2022 ofishin haƙƙin ɗan Adam ɗin nan ya fitar da rahoto a kan Musulmin Uigur na yankin Xinjiang a Sin, ya ce tsare mutanen da ake yi da yawa haka na iya kaiwa ga laifin cin zarafin bil'adama. A Oktoba aka nemi majalisar haƙƙin ɗan Adam ta yi muhawara a kai. Muhawara kawai, ba takunkumi ba, ba hukunci ba. Aka kaɗa ƙuri'a, 17 suka ce a yi, 19 suka ce a'a, 11 suka ƙaurace. Cikin masu cewa a'a akwai Pakistan da Indunusiya da Ƙatar da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da Sudan da Senegal da Muritaniya. Somaliya ce ta tsaya ta ce a yi. Na karanta jerin sunayen nan sau biyu. Ba bindiga aka nuna wa kowa ba. Bashi ne, da kasuwa, da kuma wata fahimta ta tsakanin masu mulki: kar ka ɗaga labulena, ba zan ɗaga naka ba.

Kundin Majalisar kansa ya ba su abin kamawa. A sashe na biyu aka hana amfani da ƙarfi a kan wata ƙasa, a sashen nan dai kuma aka ce Majalisar ba za ta tsoma baki a harkokin cikin gidan kowa ba. Sin ta riƙe wannan gaɓa ta biyun tun shekarun 1950, ita ce jarinta. Sabon abin shi ne yanzu har kalmomin suke ƙwacewa. Ranar 4 ga Fabrairun 2022, saura kwana ashirin a shiga Yukren, Putin da Xi Jinping suka fitar da doguwar sanarwa a Beijing. Ba su ce dimokuraɗiyya banza ce ba. Cewa suka yi ba ta da siffa ɗaya, kowace ƙasa da irin tata, kuma mutanen ƙasar ne kaɗai za su ce ko ana yin ta ko ba a yi. A kunne magana ce mai daɗi. Amma in an kulle jarida an rusa jam'iyyu, ta wace kafa mutanen ƙasar za su faɗa?

Sai kuɗi. Mu da muka tashi a zamanin Babangida ba ma bukatar a ba mu labarin sharuɗɗan Asusun Ba da Lamuni. Mun ga shirin tsuke bakin aljihu na SAP a 1986, mun ga yadda albashin mahaifina ya koma ba ya kai mu tsakiyar wata. 'Yan'uwanmu na Nijar kuma sun wayi gari a Janairun 1994 an raba darajar sefa biyu. Mai ba da bashi a lokacin ɗaya ne, kuma kafin ya miƙo sai ya gaya maka yadda za ka tafi da gidanka. Yanzu an buɗe wani shagon. Jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a Yulin 2016 da bashin bankin Sin aka gina shi, kamfanin Sin kuma ya yi aikin. Na shige shi ba sau ɗaya ba a shekarun da hanyar mota ta gagara, kuma ba zan yi ƙarya in ce ban gode ba. Sin ba ta tambayi Abuja yadda ta yi zaɓe ba. Amma ba a ce ba ta da sharaɗi ba. A Janairun 2017, ministan harkokin wajenta na ziyara, Najeriya ta umarci ofishin kasuwancin Taiwan, tsibirin da Sin ke cewa nata ne, ya tashi daga Abuja ya koma Legas. A 2018 Burkina Faso ta yanke hulɗa da Taiwan. Sharaɗin nasu bai shafi talakanka ba, ya shafi bakinka ne a zauren duniya.

Duk wannan a takarda nake karanta shi. Wanda yake sa ni jin abin a jikina shi ne Kawuna, ƙanen mahaifiyata, da ke Maraɗi. Shekararsa saba'in da ɗoriya, tsohon ɗan kasuwar hatsi ne, kuma ban taɓa ganin mai son rediyo kamarsa ba. Muna yara in mun je hutu, da asuba ƙarar akwatinsa ke tashe mu. Yana da jadawali a ka: London, Jamus, Amurka, Faransa, har da Beijing, wadda ke watsa shiri da Hausa tun 1963. Yakan ce a ji daga bakin kowa, ƙaryar wani ita ke tona ta wani.

Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 da ya kifar da shugaban Nijar Bazoum, ECOWAS ta ba sojoji kwana bakwai su mayar da shi ko a yi amfani da ƙarfi. Aka rufe iyaka. Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, wadda ita ce kaso mafi yawa na wutar ƙasar. Motoci suka yi layi a Jibiya, albasa da tumatir suka ruɓe a ciki. Matar Kawu na da ciwon suga, allurarta sai an ajiye a sanyi. Ya kira ni a satin, muryarsa na rawa don fushi.

"Kai ɗan nan, ku ne masu karatu. Wace doka ce ta ce a kashe wa tsohuwa kuran don soja ya kama shugaban ƙasa? Ita ta kama shi?"

Na fara yi masa bayanin yarjejeniyar da ƙasashen yankin suka sa wa hannu ta ƙin yarda da juyin mulki. Na tuna masa Gambiya a 2017, da aka tilasta wa Yahya Jammeh sauka bayan ya faɗi zaɓe. Ya bar ni na gama tsaf.

"To na ji. Chadi fa? Da Deby ya mutu a 2021 ɗansa ya hau, soja ne ko ba soja ba ne? Wa ya tashi daga Paris ya zo jana'iza ya zauna kusa da yaron? Ba Macron ba ne? An kashe wa Chadi kuran?"

Na yi shiru.

"Libiya fa? Lokacin Gaddafi yaranmu can suke zuwa cin rani su dawo da abin aure. Aka ce za a kare farar hula, aka kashe mutum a titi, aka watse aka bar mana bindigogi. Duk wutar da ke ci daga Mali har Zamfara daga ina ta taso?"

A nan ma yana da hujja, ko da bai haɗa duka ba. Ƙuduri mai lamba 1973 na Maris ɗin 2011 izinin kare farar hula ya bayar, kuma abin kunyar shi ne Najeriya na Kwamitin Sulhu a lokacin, ta ɗaga hannu ta amince, ita da Afirka ta Kudu da Gabon. Rasha da Sin ƙauracewa suka yi. Da aka wuce gona da iri aka kai ga kifar da gwamnati, sai suka sami abin faɗa har abada: kun gani, duk inda suka ce kare farar hula, sarauta suke nema. Da wannan hujjar Rasha ta yi ta hawa kujerar naƙi a kan Siriya fiye da sau goma. Kafin Libiya akwai Iraƙi a 2003, da aka shiga ba izinin Majalisar, a kan makaman da har yau ba a gani ba. Bayanta akwai Gaza, inda Amurka ta yi ta toshe ƙudurin tsagaita wuta muna kallon gawarwakin yara a waya. Da kotun hukunta manyan laifuka ta ba da sammacin Putin a Maris ɗin 2023 Turawa sun yaba. Da ta ba da na Netanyahu a Nuwamban 2024, sai Amurka ta sa wa mai gabatar da ƙarar takunkumi, Hangari kuma ta shimfiɗa wa wanda ake nema jar darduma. Mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi, kuma a gaban kowa. Rasha ba ta bukatar ta ƙirƙiri ƙarya a nan, tuni kawai take yi wa mutane.

Saboda haka ban ga laifin Kawu ba da ya shiga sahun masu cewa zancen ƙasa ne. Ya yi murna da sojojin Faransa suka gama ficewa a Disambar 2023. Ya yi murna da Amurkawa suka bar sansaninsu na jirage marasa matuƙa a Agadas a 2024. Da aka ƙwace lasisin haƙar yuraniyom na Imouraren daga kamfanin Faransa sai da ya kira ni musamman. Ya ce shekara hamsin ana haƙar yuraniyom a Arlit ana haska Paris, su suna kunna aci-balbal. Nijar da Mali da Burkina Faso suka kafa ƙawancensu na AES a Satumbar 2023, suka bar ECOWAS, masu horar da soja daga Rasha suka sauka a Yamai a Afrilun 2024, a watan ne kuma kamfanin man Sin ya ba gwamnatin soja dala miliyan 400 a biya da ɗanyen mai. Takunkumin da aka ce zai durƙusar da su, a Fabrairun 2024 ECOWAS da kanta ta janye shi, Bazoum na nan a tsare. Abin da Rasha da Sin suka yi wa tsarin ke nan a unguwarmu. Da can in aka rufe maka ƙofa ka rufu. Yanzu akwai ƙofar baya.

Kuma kada a ɗauka sojojin Yamai yaran wani ne. A Maris ɗin 2025 sun kori manyan jami'an kamfanonin man Sin su uku daga ƙasar. Kowa cinikinsa yake.

Inda muka rabu da Kawu shi ne a kan wa aka buɗe wa ƙofar bayan. Na je Maraɗi bayan an buɗe iyaka, muka zauna a zaurensa bayan la'asar, ana ta kawo shayi. Na ce masa, "Kawu, hajar da Rasha ke sayarwa fa ba tamu ba ce. Ba talaka take tallata wa ba. Mai mulki take gaya wa cewa zan ba ka bindiga da masu gadi, in an kai ƙararka in tare maka, kuma ba zan tambaye ka wa ka kulle ba."

Ya ce, "Su Faransa da suke tambaya, me tambayar ta hana?"

Na ce ta hana kaɗan, kuma kaɗan ɗin nan shi ne abin da muke da shi. Tsarin nan munafuki ne, na yarda. Amma munafuki ya riga ya furta da bakinsa cewa abu kaza haramun ne, don haka kana iya kama shi da maganarsa. Da wannan maganar aka yaƙi wariyar launin fata. Da ita Gambiya, ƙaramar ƙasa, ta kai Myanmar Kotun Duniya a 2019 a kan Musulmin Rohingya. Da ita Afirka ta Kudu ta kai Isra'ila gaban kotun nan a Disambar 2023. Wanda ya ce maka tun farko kowa da gidansa, da me za ka kama shi? Mutumin Moura da aka kashe wa ɗa, in soja ne ya kashe, alƙalin ƙasar na tsoron soja, baƙon da ke rubutawa an kore shi, ina zai kai kuka?

Kawu ya juya kofin shayinsa ya ce, "Kai dai malamin lakwal ne." Ma'ana na iya zance. Muka yi dariya, aka kira magariba.

Ban ce na ci gardamar ba. Ni kaina da na dawo gida na ga abin da ya rage min ƙarfin gwiwa. Tun da Trump ya dawo a Janairun 2025 sai ga mai gidan da kansa yana cire jinka. Ya sa hannu a fitar da Amurka daga Hukumar Lafiya ta Duniya, ya rusa hukumar ba da agajinsu, yana maganar karɓe Greenland kamar mai taya fili. A Maris aka dakatar da ma'aikatan Muryar Amurka, sashen Hausa ya yi tsit. Wato tsarin da nake karewa a zauren Kawu, masu shi ma sun fara gajiya da shi. In na shiga aji yanzu na zo kan alkawuran nan uku, nakan faɗe su, sannan in ba yara labarin Bakassi da Iraƙi da Kirimiya a jere, in bar su su yi ta gardama har a buga ƙararrawa. Na daina cewa lokaci ya ƙure.

Jadawalin rediyon Kawu kuwa ya ragu. Tun Agustan 2023 aka toshe gidan rediyon Faransa, RFI, a Nijar. A Disambar 2024 aka dakatar da BBC na wata uku saboda wani rahoto a kan harin da aka kai wa sojoji. A watan ne aka kama Moussa Tchangari a gidansa a Yamai, mutumin da ya yi shekaru yana sukar sansanonin sojan ƙasashen waje tun kafin abin ya zama yayi. A Maris ɗin 2025 aka rantsar da shugaban mulkin soja, Janar Tiani, na shekara biyar, aka rusa jam'iyyun siyasa baki ɗaya.

Zamanin tsohon shugaban Nijar Issoufou, in na kira Kawu, sai na nisanta wayar daga kunnena. Ba sunan da ba ya kira, daga shugaban ƙasa har gwamna, ya zage su tas, katina ya ƙare bai gama ba. Kwanakin baya na kira shi bayan isha'i, muka gaisa, na tambayi jikin Inna, ya ce da sauƙi. Sai na ce, "Kawu, wai har yanzu ba labarin sakin Bazoum? Shi kuma Tchangari me ake ciki?"

Na ji ya yi gyaran murya. Can ya ce, "An yi ruwa wajenku kuwa? Mu nan gero ya yi kyau bana."

Na ce an yi, alhamdu lillahi.

Ya ce, "To madalla. Waccan hirar sai ka zo. Ka gaida min yaran."